Na Je Birmingham Neman Aurena

Mun fito daga gida ana idar da sallar asuba, ni da maƙwabciyata, ruwan nan na Manchester yana ta yayyafinsa, bai sauka mai dalili ba kuma bai ƙyale mutane sun sarara ba. Kwana tara ke nan da fitata takaba. Ku da kuke bin shafin nan kun san rabona da rubutu tun kafin rasuwar maigidana. Na ga saƙonninku na ta'aziyya, Allah ya bar zumunci. Da ma labarin tafiye-tafiyenmu nake kawo muku, shi yana tuƙi ni ina surutu. Wannan ce tafiyata ta farko ba shi, kuma Birmingham na nufa, neman aurena.

Bari in yi muku bayani kafin ku ce zaman ɗaki ya taɓa min kai. Shekara goma sha uku muka yi da Injiniya, haka nake kiransa, Allah bai ba mu haihuwa ba. Ranar da na je ofishin rajista karɓar takardar rasuwarsa, matar da ke wurin ta tambaye ni inda aka ɗaura mana aure. Na ce a Birmingham, a falon Baffana. Ta ce bayan nan mun je rajista? Na ce a'a. Ta ajiye biro, ta yi min irin kallon tausayin nan da na tsana, ta ce to a dokar ƙasar nan ba a yi aure ba. Inda ya kamata a sa "matarsa", sai ta rubuta cewa ni ce wadda ke wurin lokacin da ya cika. Na dawo gida na ci gaba da takaba, wata huɗu da kwana goma, saboda mutumin da takarda ta ce ba mijina ba ne.

Gidan da muke ciki da sunansa yake, kuma bai bar wasiyya ba, don mai hawa keke zuwa aiki kullum ba ya kawo wa ransa mutuwa. Danginsa na Zariya ba wanda ya ce min in fita, amma hukuma da banki ba sa magana da ni, ba su san ni ba. Ofishin ba da shawara kyauta na unguwarmu an rufe shi tun bara, wai tsuke bakin aljihu, don haka sai da na nemi lauya da kaina. Ta nuna min ƙofa biyu. Ko dai in kawo shaidar auren da doka ta yarda da shi, ko kuma in je kotu a matsayin macen da ta zauna da shi gida ɗaya kamar matarsa, in roƙi a bar ni a gidan. Ta faɗi ta biyun hankalinta kwance, don ita a wurinta ba wani abu ba ne. Ni kuwa kunnena da Hausa ya ji ta. Wannan zaman suna gare shi a wurinmu, dadiro, kuma ni ba a haife ni a gidan da ake faɗin kalmar da ƙarfi ba.

Sai ta ƙara da wata magana da ta hana ni sukuni. Ta ce auren da aka ɗaura a Kano, ko ango da amarya ba sa wurin, wakilai ne suka ɗaura, muddin dokar can ta amince da shi to nan ma ana iya karɓarsa. Wanda aka ɗaura a falo a Ingila kuwa, ko limamai goma ne suka shafa masa fatiha, babu shi. Nan na tuna cewa a ranar da aka ɗaura namu a Birmingham, an yi taro a ƙofar gidanmu na Kano, ina ma da hotunan. Shin an faɗi siga a can, wato an nema an bayar an karɓa, ko goro kawai aka raba? Yayana ya ce shi yana ta fama da rabon abinci, bai ji ba. Mahaifina ya rasu. Mutum ɗaya ya rage da ya sani, Baffa, ƙanin mahaifina, don shi ya riƙe waya tsakanin garuruwan biyu. Lauya ta buga min takardar shaida, ta bar gurbin sunan gari babu komai, ta ce Baffa ya cike ya sa hannu.

Bas muka hau, don kuɗin jirgin ƙasa yanzu ya kusa sayen tunkiya. Maƙwabciyar tawa ma'aikaciyar jinya ce, 'yar Kafanchan, za ta kai wa 'yarta da ke jami'a miya da dambun nama, wai yarinyar ta rame. Ta yi min alkawarin hira har Birmingham. Ba mu fita gari ba ta ɗora kai a taga, daga nan ban sake jin muryarta ba sai minshari mai ladabi. Ban ga laifinta ba, an rage musu ma'aikata, aikin mutum uku take yi.

Babbar hanyar kudu ana ta gyaranta, kamar yadda ake yi tun ranar da na sauka a ƙasar nan. An jera robobin nan ja da fari har iya ganin ido, an ƙayyade gudu, amma ma'aikaci ko ɗaya ban gani ba. Da Injiniya ne sai ya ce min ba ki gane ba ne, aikin yana ƙarƙashin ƙasa, daga nan ya shiga bayanin kwalta da magudanar ruwa har in yi nadamar buɗe baki. Yau na yi tsokanar a zuciyata, ba wanda ya tanka. Na koma kallon tumaki. Kowace an shafa mata shuɗin fenti a baya, suna kiwo cikin ruwa ba ruwansu, ga ƙiba kamar ana musu dure. Mun tsaya a Stoke aka ɗauki mutum huɗu. Shagunan da ke gefen tashar rabinsu an toshe su da katako. Na sayi shayi a kofin takarda, ruwan zafi ne da aka nuna wa ganyen shayi daga nesa, kuɗinsa kuwa ya isa kwalin madara biyu.

Dab da shiga Birmingham akwai mahaɗar hanyoyin nan da mutanen garin suka yi wa laƙabi da taliya, gada kan gada, wata ta nutse ƙarƙashin wata. Nan muka taɓa ɓata da Injiniya har sau biyu a rana ɗaya, ya rantse taswira ce ta yi kuskure. A tasha muka rabu da maƙwabciyata. Ta farka tana ba ni haƙuri, ta kama hannuna.

"Matar Injiniya, in kin gama ki kira ni, kin ji? Ki zo mu ci abinci a flat ɗin yarinyar. Kada ki koma da yunwa."

Na ce to. Na san ba zan kira ba, ita ma ta sani.

Baffa ya ce in zo bayan azahar, don da safe jikinsa ba ya sakewa. Sai na hau bas zuwa Erdington, unguwar da ya zauna a da, inda aka ɗaura auren. Ban da wani aiki a can, ƙafata ce kawai ta ja ni. Babban titin kasuwar yana nan da cinkosonsa, amma kayan sun sauya. Inda na san shagon yadi yanzu gidan caca ne, kusa da shi wani gidan cacar, sai shagon gwanjo, sai na komai fam ɗaya, sai na jingina. A gefen wani coci na ga layin mutane da jakunkuna, mata da kekunan jarirai, tsofaffi cikin kwat mai tsabta, kowa ya sunkuyar da kai yana jiran a ba shi abincin gwangwani. Turawa ne yawancinsu. Na wuce da sauri don kada a ce kallonsu nake.

Gidan na nan, jan bulo, amma Baffa ya sayar da shi da daɗewa. Ƙararrawa shida na ƙirga a jikin ƙofa, an yanyanka shi ɗaki-ɗaki an zuba 'yan haya. Bishiyar tuffar da matar Baffa take ji da ita an sare, an jera kwandunan shara a wurin. Ina tsaye a tsallake sai wani mutum ya fito shan taba, ya bar ƙofar a buɗe. Ya dube ni da jakata, ya tambaye ni ko daga hukuma nake, wai sun daɗe suna kai ƙarar danshi. Na ce a'a, na taɓa zama a nan ne. Ya ɗaga kafaɗa. Ta bayansa na hango matattakalar bene.

A kan matattakalar nan na zauna ranar ɗaurin auren, mataki na uku, hannuna da lalle, lulluɓe da mayafin matar Baffa. A lokacin ina karatun digiri na biyu, ina zaune a gidan. Kun san yadda ake yi a gida: maza su taru a ƙofar gidan uban yarinya, waliyyi da wakili su yi maganarsu, amarya tana can cikin ɗaki ko ma wani gari, sai dai ta ji guɗa ta san an gama. Ni kuwa da rawar kan boko na ce ban yarda ba. Na sami Baffa na ce, aurena ne, ina so in ji da kunnena. Ya yi dariya har da tari, ya ce zai yi wa Yayansa magana. Aka kira wani malami daga Balsall Heath, aka ture kujeru, maza wajen ashirin suka zauna a falo, aka bar min ƙofa a ɗan buɗe.

Da aka zo karɓa sai aka ga ango ba shi da babba a wurin, duk nasa suna Najeriya. Malam ya ce ba komai, ya karɓa da bakinsa. Injiniya, mutumin da ke tsayawa gaban Turawa ɗari ya yi bayanin gada, ya rikice. Ya ce "na karɓa", muryar ba ta fito ba. Ya sake, ta fito kamar ta zakaran da bai gama koyon cara ba. Ya sake na uku da ƙarfi har wani ya ce, "Malam, mace ɗaya aka ba ka." Falon ya kwashe da dariya, ni ma na toshe baki da mayafi. Shekara goma sha uku ina tsokanarsa da wannan. A tsallaken titin nan na tsaya ina kuka, mai taba ya jefar da guntunsa ya koma ciki ya rufe ƙofa.

Daga nan na sake hawa bas biyu zuwa Balsall Heath, masallacin da malamin yake limanci, ko Allah zai sa ya shigar da auren a wani littafi. Unguwar kamar an ɗebo duniya an juye: 'yan Pakistan, 'yan Yaman, Somalawa, shagunan gwal da na atamfa irin tasu, kubewa da rogo a bakin titi. Malam ya rasu shekara biyar da suka wuce. Limamin yanzu haifaffen garin ne, Turancinsa na Birmingham sai na kasa kunne sosai nake kamawa. Ya karɓi takardar da Malam ya rubuta mana da hannunsa, ya karanta har ƙarshe, ya miƙo min da hannu biyu. Ya ce a wurin Allah ba abin da ya rage wa wannan aure. Ya ce amma ba a yin wata guda wata mata ba ta shigo masa da irin takardar nan ba, wata mijin ya mutu, wata ya gudu, shi ya sa yanzu ba sa ɗaura wa kowa sai ya nuna ta rajista.

Shi ya ƙara fahimtar da ni yadda abin yake. A Ingila gini ake ba izini. Takardar da za a ba ku a ofis tana ɗauke da sunan ginin da za a yi auren, ba a ɗaukarta a kai wani wuri, kuma falon mutum ba ya cikin lissafi. Ya ce da a Scotland ne, can mai ɗaurawar ake ba izini, ko a lambu ya ɗaura ya ɗauru, in dai an cike takardun. Na ce a raina, Baffa, duk faɗin ƙasar nan ka rasa inda za ka sayi gida sai Erdington.

Na yi azahar a ɓangaren mata, ni kaɗai da wata tsohuwa mai jan carbi. Yunwa ta kai ni wani gidan abinci na 'yan Pakistan, inda ake kawo miyar nama a cikin ƙaramin kaskon da aka dafa ta, tana tafasa. Mai kawo abincin ya ce, mutum ɗaya? Na ce ɗaya. Ya ɗauke ɗayan farantin da kofin da ke gabana, abin da ya saba yi sau ɗari a rana, amma ni sai da na kau da kai. Gurasar da ya kawo ta kai faɗin faifai biyu, ta mutum huɗu ce. Miyar ta yi daɗi, yajin ya ratsa, farashin kuma da sauƙi fiye da na Manchester. Na ci gefe ɗaya na ce a naɗe min sauran.

Perry Barr unguwar ɗalibai ce, ga wata babbar cibiyar kasuwanci, ga manyan tituna da sai ka bi ta ƙarƙashin ƙasa kake tsallakewa. Can Baffa ya koma bayan rasuwar matarsa, wani ɗan gida a hawa na ɗaya. Likita ne, ya yi shekara talatin yana duba mutanen garin nan. 'Ya'yansa ɗaya tana London, biyu suna Kanada. Ya daɗe kafin ya buɗe ƙofa, ina jin jan ƙafarsa. Sunan mahaifiyarsu shi da mahaifina aka sa min, don haka bai taɓa kiran sunana ba.

"Uwata, ke ce kika koma haka? Shigo, shigo. Ya haƙuri? Ki gafarce ni ban zo ba, ƙafar nan ta ƙi."

Na durƙusa na gaishe shi. Ɗakin da ɗumi ƙwarai, ga magunguna jere a kan tebur, ga rediyo. Na ce wa ke kula da shi?

"Carer tana zuwa safe da yamma. Da minti talatin ne, yanzu council, hukumar gari, sun mai da shi sha biyar. Kafin ta cire kwat lokaci ya ƙare. Yarinyar kirki ce, ba laifinta ba ne."

Na haɗa mana shayi na gaske, na ɗumama gurasar. Sai da ya ci ya yi hamdala sannan na fito da takardar lauya, na yi masa bayani tun daga ofishin rajista. Bai katse ni ba. Da na zo kan tambayar, ko an faɗi siga a Kano, sai ya cire tabarau ya riƙe a hannu.

"Ba a ɗaura a Kano ba, Uwata. Ni na hana."

Ya ci gaba da cewa:

"An shimfiɗa tabarmi, liman ya zauna, baffan mijinki ya iso daga Zariya da mutanensa. Babanki ya ga jama'a ta cika layi, ya ce shi bai ga dalilin da zai tara mutane su ci goron banza ba, a ɗaura kawai a nan, mu na Ingila mu yi walima. Liman har ya gyara zama. Ni kuma ina nan ina fama da katin waya, layi yana shiga yana yankewa. Da na same shi na ce, Yaya, ku dakata, na yi wa yarinyar nan alkawari. Ya ce tun yaushe amarya take sauraron ɗaurin aurenta? Na ce tun yau. Ya yi faɗansa ya gama, sannan ya ce, to na wakilta ka, ka bayar. Suka zauna suna jira har na sake kira na ce an ɗaura, suka shafa fatiha aka raba goro. Da katin nan ya ƙi shiga na minti biyar, da yanzu ba ki zo nan da takarda ba."

Ban taɓa sanin wannan ba. Na san na roƙa an yi min, ban san sai da aka tsayar da liman ba. Wato da na zauna a ɗaki kamar kowace amarya, aka ɗaura ba na nan ba ya nan, da Ingila ta kira ni matarsa. Na ji haushin kaina, na ji haushin yarinyar nan mai lalle da iyayi, har na ji haushin katin waya.

Baffa ya mai da tabarau, ya jawo takardar gabansa, ya karanta a hankali yana bin layi da yatsa. Ya tsaya a gurbin da aka bari.

"Miƙo biro."

"Baffa, me za ka rubuta?"

"Kano. Sai yayanki ya je can ya nemo certificate, takardar aure, kin san ba zai gagara ba. Rabin waɗanda suka zauna a tabarmar nan suna raye, kuma duk wanda kika tambaya zai rantse an ɗaura a gabansa, don haka ya ɗauka. Shekara talatin ina aiki ban taɓa sa hannu a kan abin da ban gani ba. Amma ni na hana, ni zan gyara. Ba zan mutu in bar ki ana kiranki da wani suna ba."

Ya miƙo hannu. Ba zan yi muku ƙarya ba, na so. Na buɗe jaka na ciro biron, na riƙe shi. Kalma ɗaya ce, harafi huɗu, kuma abin da za ta tabbatar gaskiya ne, ni matarsa ce. Zan so in ce muku tsoron Allah ne kaɗai ya riƙe ni, amma ba shi kaɗai ba ne. Na dubi dattijon nan mai shekara tamanin da 'yan kai, wanda zai tsaya gaban alƙali ya maimaita ƙarya saboda ni. Sannan na tuna abin da takardar za ta ce. Za ta ce baffan Injiniya ne ya karɓe ni a Kano. Za ta ce ba na wurin, shi ma ba ya wurin, ba a yi falon ba, ba wanda ya ce "na karɓa" sau uku. Ni ce zan sa a goge ranar, kuma in rantse a kan haka. Na mai da biron jaka na ja zif.

"A'a, Baffa. A Erdington aka ɗaura. Ina wurin."

Ya ajiye takardar. Ya ce, "To gidan fa?"

"Akwai ɗaya hanyar."

Ya gane wadda nake nufi, don na faɗa masa tun farko. Ya girgiza kai.

"Wannan sunan ba naki ba ne, Uwata."

"Na sani. Kai ma ka sani."

Ya share ido da bayan hannu, ya ce ba abin da ya ɗauko daga Yayansa sai taurin kai, ga shi ashe ni na kwashe sauran. Muka yi la'asar, shi a zaune. Na wanke masa kofuna, na sa ragowar gurasar a firij, na rubuta lambata da manyan baƙaƙe na manna kusa da waya. Ya rako ni har bakin ƙofa, abin da ya ce ya yi wata biyu bai yi wa kowa ba. Har na kai kwanar matattakala bai rufe ba.

Ban kira maƙwabciyata ba, na tura mata saƙo cewa na wuce, don da ma can za ta kwana. Bas ɗin komawa rabinsa babu kowa. Na zauna gefen taga na ajiye jaka a kujerar kusa. Kafin mu kai Stafford gari ya rufe, tumakin sun ɓace, sai jajayen fitilun motoci a jere da robobin gyaran hanya. Yayana ya kira daga Kano, ya ce ya yi magana da wani, in dai na ba da izini takarda za ta fito kafin Juma'a. Na ce ya bari. Ya ce na san abin da nake yi kuwa? Na ce ban tabbata ba, amma ya bari. Kewar Injiniya ta kama ni a hanyar nan fiye da duk kwanakin takaba, don a takaba aƙalla kowa ya san matsayina. Na iso gida ana kiran isha'i a wayata, na kunna fitilar falo da ta kicin da ta bene, duka.

Abin da na koyo a tafiyar nan ba shi da yawa, amma ku riƙe shi, musamman ku matan da ke nan ƙasar. In a gida aka ɗaura miki, ki sa a karɓo takardar, ki adana ta inda kike adana fasfo. In a nan aka ɗaura, a falo ko a ɗakin taro ko ma a masallacin da ba a yi wa rajista ba, ki ja mijinki ku je ofis a cikin watan nan. Sau biyu Injiniya yana kawo min takardar bayanin yadda ake yi, sau biyu muna cewa sai an yi hutu, har ina masa dariya wai aure nawa yake so ya yi da ni. Ba mugunta ba ce ta hana mu, mun ɗauka muna da lokaci ne. Kuma in kina da tsoho a wani gari, ki je ki gan shi ba sai kina neman sa hannunsa ba. Wannan da kaina nake.

Washegari da safe na fito da ɗaya takardar, ta kotu, wadda na tura ƙasan durowa tun ranar da lauya ta ba ni. Na zauna a teburin kicin na cike ta layi-layi. Sunana, sunansa, adireshi. Inda aka ce ko mun yi aure bisa doka, na sa a'a. Tambaya ta gaba ta ce in faɗi ranar da muka fara zama tare. Ban tsaya tunani ba, na rubuta ranar aurena.